Abin Da Muke Nema A Fina-finan 'Yan Sanda

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, na Ibadan, Legas, Nsukka, Fatakwal da sauransu.

Akwai wata ɗabi'a da na lura mun yi tarayya a kanta, komai bambancin fanninmu. Ka ari kwamfutar mai karanta lauya, ko mai harhaɗa magunguna, ko mai aikin gona, da wuya ka rasa fim ɗin masu binciken kisan kai a ciki. Mutum yana lissafin data kamar gishirin gwauro, amma in aka ce sabon zango ya fito, ko da kuɗin abincin rana ne sai ya sauke. Ni ma ina cikin layin, kuma na daɗe ina tambayar kaina abin da muke nema a ciki.

Abin dai gado ne. Yayyenmu sun karanta James Hadley Chase har bangon littafin ya cire, ana ta aron sa daga gida zuwa gida. Masu karatun Hausa sun san Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin 'yan fasa-ƙwauri da masu ɗaure musu gindi. Mu kuma mun tashi da CID na Indiya, wanda aka fara a 1998: ACP Pradyuman yana juya yatsu, Daya yana ɓalla ƙofa. Daga baya muka koma Law & Order da CSI, wasu suka gangara har wajen kakan tafiyar, Sherlock Holmes, wanda Arthur Conan Doyle ya fito da shi a 1887.

Dalili na farko mai sauƙi ne: mu mutanen kacici-kacici ne. Agatha Christie takan baje maka duk alamomin a gabanka, ta bar ka ka zargi wanda bai ji ba bai gani ba, sai a shafin ƙarshe ka riƙe baki. Columbo kuwa tun farko ake nuna maka wanda ya yi kisan, daɗin yana wajen ganin yadda wannan ɗan sanda mai yamutsattsiyar kwat zai bi shi da ƙananan tambayoyi har ya kama kansa da bakinsa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamai yana kare kundinsa, aka ce masa “ina hujjarka?”, ya san wannan yanayin.

Wani Bafaranshe mai suna Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, shi ake jingina wa ƙa'idar cewa duk inda abu biyu suka haɗu sai ɗaya ya bar alama a jikin ɗaya. Kan wannan aka gina su CSI. Amma mu tun a Islamiyya aka koya mana ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, inda aka duba ta ina riga ta yage, gaba ko baya, aka gane mai gaskiya. Mace mai matsayi tana tuhuma, bawa yana kare kansa, riga ce ta raba gardama.

Dalili na biyu ya fi nauyi. A waɗannan fina-finan gawa tana da daraja. A tsinci talaka a bakin kwata, sai ka ga an killace wurin, likita ya zo, an ɗauki hoto, wani sufeto ya hana kansa barci har sai ya gano sunansa da wanda ya kashe shi. Mu kuma mun fito daga garuruwan da sau da yawa ake binne mutum kafin azahar, a yi zaman makoki, a ce “Allah Ya isa”, shi ke nan fayil ya rufe. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, sashe na 35 ya ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk da haka mafi yawan waɗanda ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi. Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, aka yi ta murna, sai ga shi an lalata ta a tarzomar Oktoban 2020. To in ka ga ɗalibi ya ƙura wa allo ido ƙarfe biyun dare, wataƙila ƙasar da yake fata yake kallo.

Fim ɗin da ya fi taɓa ni a wannan fanni namu ne na gida: October 1 na Kunle Afolayan, 2014. Marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa da Turawan mulki suka tura wani gari a ƙasar Yarabawa ya binciki kisan 'yan mata ana dab da samun 'yanci. Ba ya jin yaren garin, sai da tafinta, kowa yana masa kallon baƙo. Duk wanda ya sauka Ibadan karon farko da jaka a hannu zai ga kansa a ciki. Amma wurin da ya fi tsaya min shi ne inda aka kama wani matafiyi Bahaushe, aka ɗora masa laifin saboda shi ne baƙon da ya fi sauƙin kamawa, ya rasa ransa, alhali mai laifin ɗan gata ne a cikin garin.

Wannan ya wuce fim. A Oktoban 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata, ana ɗauka a waya. Sai a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa. A Maris na 2025 an tare matafiya 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne za su gida Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Babu wanda ya tsaya ya yi tambayar da ko ƙaramin ɗan sandan fim zai fara yi. Kuma kada mu yaudari kanmu, a gida ma muna yi. Ihun “ɓarawo!” ɗaya a kasuwa ya isa a nemo taya da fetur.

Sai dai a yi hattara, fina-finan nan suna da nasu gubar. Suna warware kisa cikin minti 45, alhali bincike na gaskiya yakan ci watanni. Mafi muni, suna koya mana tafi in jarumi ya mari wanda ake zargi. Mun yi dariya in Daya ya kwaɗa wa mutum mari ya fara zuba bayani, mun yi ihu a Singham. A zahiri wanda aka daka zai amsa ko satar wata ce, shi ya sa Najeriya ta yi dokar hana azabtarwa a 2017. Ranar da marin zai sauka a kan ƙaninka da ke sayar da albasa a Bodija, ba za ka yi tafi ba.

Don haka roƙona ƙarami ne. Tunda mun kashe data da barci a kan waɗannan labarai, mu ɗauki darasinsu mafi amfani. In waya ta ɓace a ɗakin kwana aka fara nuna wani da baki, in hoton mutum ya shigo zaurenmu na WhatsApp an rubuta “ga ɓarawo, a yaɗa”, a samu ko mutum ɗaya da zai ce: wa ya gani? Yaushe? Ina hujja? Malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa kawo hujja yana kan mai ƙara. Mu da muke baƙi a garin mutane mun fi kowa buƙatar wannan ƙa'ida ta rayu, kuma ba za mu nema wa kanmu ita mu hana wasu ba.

Wanda bai kalli October 1 ba ya nema, ya kalla tare da abokinsa Bayarabe ko Ibo, ku yi hira bayan an gama.

Allah Ya kare mu daga sharrin ƙazafi, Ya hana mu yi wa wani, Ya mayar da mu gida lafiya da sakamako mai albarka.