Santimita Huɗu

Shekara talatin ke nan ina auna kayan mutane a kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Riɗi da kintari, dawa da buhu. Ko a duhu ka miƙo mini buhu na ɗaga, zan gaya maka ko an cika shi ko an yi masa ƙwange. Saboda haka da na yi niyyar sa wa uwargida dutsen kanta a kicin, ban ga dalilin da zai sa in biya wani ya zo ya auna mini bangon gidana ba.

Na shigo ƙasar nan a 1994, daga Katsina ta hanyar Chadi, da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare, na tsaya yankan riɗi na kaka ɗaya. Kakar ce ba ta ƙare ba har yau. Uwargida kuwa haifaffiyar nan ce, kakanninta suna cikin waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno. Ita gida take. Ni ne kullum bakina ba ya rabuwa da "idan mun koma gida". Ina da fili a Katsina, na kewaye shi da bulo, duk rarar da na samu can take tafiya. Gidan da muke kwana a ciki kuwa sai faci. Kicin ɗin wani ɗan ɗaki ne mai tsohon dakalin siminti da ya farfashe, kyankyasai sun mai da shi unguwarsu, ita kuma kullum tana duƙe a gabansa tana riƙe da ƙugu.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne Disamban 2023, lokacin da yaƙi ya ci Wad Madani. Ƙanwarta ta iso mana da yara shida da tsohuwar surukarta. Mu bakwai muka koma goma sha biyar. Girki ya zama daga asuba har isha'i: kisira, asida, wanke-wanke ba iyaka. Wata rana na leƙa na ga mata biyu suna yanka albasa a faranti a ƙasa, yara na tsallake su. Kunya ta kama ni. Da na sayar da riɗin kakar 2024, sai na ware kuɗin da na saba aika wa ƙanena na bulo, na ce bana dai na kicin ne.

Kuskurena na farko, na so in yi mata bazata. Na jira kowa ya yi barci, na shiga da fitilar waya da tef, na auna tsohon dakalin daga bango zuwa bango ta bakinsa na gaba. Santimita 240. Faɗi 60. Na tsaya a miƙe na ɗora hannu inda ya yi mini daɗi, na ga 95 daga ƙasa, na rubuta. Minti biyar ban yi ba.

Kafin yaƙi, mai son dutsen mabul, wanda a nan ake ce wa ruham, kasuwar Sajjana ta Khartoum yake nufa ko ya yi saƙo. Yanzu sai abin da ka samu a gari, da tsadarsa, ga fam kullum yana faɗuwa. Mai dutsen ya karɓi takardata ya duba, ya ce, "Ya Hajj, usta ne ya auna?" Na ce masa an auna. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Ya yanka, ya huda ramin kwanon wanke-wanke kusa da ƙarshen dama kamar yadda na zana. Ni kuma na sa wani yaro ya rushe dakalin ya ɗaga ginshiƙan jan bulo a kan awona. Nan bazata ta ƙare, don ba a rushe dakali a ɓoye. Uwargida ta dubi ginshiƙan, ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Ranar da amalanken jaki ya kawo dutsen, mu huɗu muka ɗauka. Ya shiga tsakanin bangayen kamar taƙi ɗaya, ya cije. Muka jawo, muka sake turawa, ya cije a wuri guda. Dole na aika aka kira ustan da na ƙi biya tun farko.

Dattijo ne, bai yi mini dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya sa tef a gaba: 240. Ya sa a jikin bangon baya: 236. Sai ya nuna mini abin da duk mai gida a garin nan ya kamata ya sani. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, ita ce ke ba mu riɗi da dawa, amma da damina takan kumbura, da rani ta tsage har ka zura hannu. Ginin da ya shekara ashirin a kanta yana numfashi tare da ita, da wuya ka sami kusurwar da ta tsaya daidai. Ya auna 60 a jikin bango ɗaya daga kusurwa ya yi alama, ya auna 80 a ɗayan, ya ce in kusurwa ta daidaita, tsakanin alamun biyu 100 cif zai ba ka. Tamu ba ta ba da 100 ba.

Ya ce za a iya rage ƙarshen da injin yanka, amma ramin kwanon ya matso baki da yawa, bai yi mini alkawari ba. Na ce a gwada. Ana cikin yanka muka ji ƙas! Tsaga ta tashi daga kusurwar ramin ta fita har baki. Kuɗin riɗin da na yi wata biyu ina tarawa, ga shi nan gida biyu a tsakar gida, yara sun kewaye suna kallo.

Da daddare ta kawo mini shayi ta zauna. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Alhaji, gara da ya fashe."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Kai ka auna da tsayinka. Ni in na tsaya a wurin nan, sai na ɗaga kafaɗa kafin in yanka ko tumatir. Da ya shiga, da haka zan yi ta fama har in mutu, ba zan gaya maka ba."

Wannan maganar ta fi fashewar dutsen yi mini ciwo.

Karo na biyu sai da na ci bashi wurin abokin cinikina. Usta ya zo da rana tsaka. Ya haɗa kwalaye ya yanka su daidai da surar wurin, da karkatar bangon da komai, kwalin aka kai wa mai dutse ba takarda ba. Ya bar santimita ɗaya tsakanin dutse da bango saboda motsin ƙasa, ya matsar da ramin kwanon nesa da baki, saitin bututun ruwa. Ya ce ta tsaya ta lanƙwasa hannu, ya auna daga gwiwar hannunta ya sauko ƙasa kaɗan, ya sami 83. Aka cire layi biyu na bulo, aka cike da siminti. Ita ta tuna masa a bar wurin tukunyar gas a ƙasa. Ita kuma ta ce kada a jefar da babban ɓarin da ya fashe, a kwantar da shi ƙasa-ƙasa a gefe a ɗora murhun gawayi, don ba a tuƙa asidar mutum goma sha biyar a tsaye.

Da aka gama, tana goge dutsen da tsumma, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "To Alhaji, idan za mu koma gida, wa zai ɗauki wannan?" Ƙanwarta ta tuntsire da dariya. Ni dai na fita.

Ƙanena ya bugo waya daga Katsina yana tambayar kuɗin bulo. Na ce masa bana babu, baɗi ma sai na biya bashi tukuna. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko in ya sami mai son filin ya yi magana. Na ce ya bari sai bayan damina, ina so in ga yadda bangon nan zai yi da santimita ɗayan da aka bar masa.