Ciwo Mai Fuska Biyu

Harshen Hausa bai rasa kalmomin bayyana wanda hankalinsa ya taɓu ba. Akan ce wane ya zautu, ko iska ta buge shi, ko an yi masa sammu, in kuwa an ajiye kara gefe sai a ce mahaukaci kawai. Mu da muke nazarin wannan harshe mun san kalma takan haska abu, takan kuma rufe shi. Waɗannan kalmomi sun zuba cututtuka iri-iri cikin ƙwarya guda, har ya zama da wuya a ware wanda ke da magani sananne a asibiti. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira baifola, wato ciwo mai ɓangare biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 40 ne ke fama da shi a duniya, kuma yawanci yakan fara bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, wato daidai shekarun da akasarinmu ke zaune a azuzuwan jami'a.

Fuskarsa ta farko ita ce ta tashi. Mutum zai wayi gari da wani irin ƙarfi da bai saba da shi ba. Barcin sa'a biyu ko uku ya ishe shi, kuma ba ya jin gajiya. Magana ta yi ta zuba daga bakinsa, kafin ya gama wannan zance ya faɗa wancan. Sai ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa: zai rubuta littafi cikin mako guda, zai kafa kamfani, zai gyara ƙasa. Kuɗin da aka aiko masa na zango guda ya rabar da su a kwana uku. Wanda ya ce masa ya tsagaita kuwa ya zama abokin gaba. In abin ya tsananta yakan ji muryoyi, ko ya gaskata cewa shi wani babban mutum ne da aka aiko da saƙo. Likitoci kan lura da irin wannan hali idan ya kai mako guda, akwai kuma mai sauƙi-sauƙi wanda kwana huɗu ma sun isa a gane shi.

Fuska ta biyu ita ce ta faɗuwa. Wannan mutum dai da ya cika ɗaki da surutu sai ya koma kwance, ya ja mayafi, ya ƙi abinci, ya ƙi lacca, ya ƙi wanka. Yana ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyayensa, abin da ya kashe da abin da ya furta a lokacin tashi su dawo suna cin zuciyarsa. Wannan yakan ɗauki mako biyu ko fiye, wani lokaci watanni. A nan haɗari mafi girma yake, domin masu wannan ciwo sun fi sauran jama'a fuskantar tunanin kashe kai nesa ba kusa ba. Tsakanin fuskokin biyu akan sami tsawon lokaci mutum yana lafiya lau, har kowa ya ce ai abin ya wuce.

Abin da ya sa muka ga ya dace a yi wannan magana a tsakaninmu shi ne halin zamanmu. Mun baro garuruwanmu muna karatu a nesa da gida, iyaye ba sa ganinmu sai hutu. Uwa za ta ga ɗanta ya dawo shiru-shiru ta ce wahalar karatu ce. Malami zai ga ɗalibi yana ta ɗaga hannu a aji, yana kawo shafi talatin inda aka nemi biyar, ya ce hazaƙa ce. Shi kansa mai ciwon ba ya zuwa asibiti a lokacin tashi, don a ganinsa bai taɓa jin daɗin jikinsa kamar haka ba, sai ya faɗi ne yake neman taimako. Likita kuwa in bai ji labarin tashin ba yana iya ɗaukar abin a matsayin ciwon damuwa zalla, ya ba da maganinta, alhali maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura mai baifola ya koma fuskar tashi. Ashe ke nan wanda ya ga fuskokin biyu da idonsa shi ne abokin ɗaki, da wanda ake cin abinci kwano ɗaya da shi, da wanda ake jera sahu da shi a masallacin makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun ga haka ga wani abokin karatunmu. A zangon farko ya kwana goma sha yana rubuta wasan kwaikwayo da dare, da rana yana bin ɗakuna yana raba wa mutane rawar da za su taka, ya sayar da wayarsa ya ba da kuɗin kama zauren da babu wanda ya amince za a yi wasa a cikinsa. A zango na biyu kuwa sai da muka riƙa kai masa abinci bakin gado. Muka kira babban wansa muka ce, "Yaya, abin da muke gani ya wuce gajiya, a zo a kai shi ga likita." Ya ce, "To, ku da kuke tare da shi ku za ku yi bayani, ni abin da na sani kaɗan ne." Biyu daga cikinmu suka raka su. Tambayar da likita ya fi nanatawa ita ce ta barci: yaushe ya daina, kwana nawa, me ya biyo baya. Amsar tana bakinmu. Yau wannan ɗan'uwa yana shan maganinsa, ya kuma koma aji.

Sanin wannan ciwo ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1899 likitan nan Bajamushe, Emil Kraepelin, ya bambanta shi da sauran manyan cututtukan ƙwaƙwalwa. A 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna cewa sinadarin litiyam yana kwantar da fuskar tashi, kuma har yau yana cikin manyan magungunan ciwon. Sai dai mai shan sa yana bukatar gwajin jini a kai a kai, don a auna yawansa a jiki, a duba ƙoda da halittar nan ta wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo. Akwai wasu magungunan, ciki har da na farfaɗiya mai suna balfurowet, wanda ke da haɗari ga ɗan tayi, don haka lallai mace ta sanar da likita in tana da ciki ko tana sa ran samu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba magani ba ne da za a saya a kemis bisa shawarar aboki. Ciwon yakan bi jini a wasu gidaje, kuma rashin barci da tashin hankali da shan wiwi da ƙwayoyi kan tayar da shi. Kwanan zaune da muke yi lokacin jarrabawa, wanda muka ɗauka jarumta, ga mai baifola wuta ce kusa da auduga.

A ƙasarmu ma akwai tarihin da ya kamata mu riƙe. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Hikimarsa ita ce jinya ba ta kammala sai da dangi a kusa. Gwamnatin tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Aro da Yaba ta Legas da Kaduna da Kware da Maiduguri da wasu garuruwan, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen wannan fanni. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mai jinya. Ga ɗalibi, ƙofa mafi kusa ita ce asibitin makaranta, daga nan a tura shi ga ƙwararre.

Ba mu ce a bar addu'a ba, domin addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Abin da muke tsoro shi ne a shafe shekara ana yawo daga wannan gida zuwa wancan, ana hayaƙi, wani wurin har da mari da bulala, karatu ya lalace, aure ya mutu, alhali ga likita a gari. Muna kuma tsoron ɓoyewa don gudun kada a ce gidan wane akwai hauka, a ƙi auren 'ya'yansu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka nan wanda ya sami sauƙi kada ya ajiye magani don ya ji garau, ciwon yakan dawo, kamar yadda hawan jini ke dawowa ga wanda ya saki nasa.

Nauyin da ke kanmu bai fi ƙarfinmu ba. Mu lura da wanda barcinsa ya ɗauke kwana da kwanaki, mu riƙe ranakun a ka ko a takarda, mu sanar da danginsa cikin sirri, mu raka shi asibiti. In ya ambaci mutuwa kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a jira gari ya waye. A nan inda iyayenmu ba sa kusa, mu ne dangin juna, kuma ɗan'uwa rabin jiki ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.