Cefane a Bakin Gona: Tafiyata Zuwa Kwanar Gafan

A watan Fabrairu, hunturi bai gama sakin gari ba, na bar Kano da asuba ta hanyar Zariya don in sayo kayan miya daga hannun masu nomansa. Muna wuce Tamburawa, muka doshi Kura, sai ƙasa ta canza kama. Ko'ina a bushe yake a wannan lokaci, amma nan kore shar, albasa da alkama da tumatir hagu da dama. Albarkar madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ke bin magudanai har gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam.

A Kwanar Gafan na sauka. Kasuwa ce mai lokaci: tana ci idan tumatirin rani ya nuna, tana watsewa kafin damina ta kankama. Kwanduna jibge a bakin titi, 'yan dako na gudu da su a ka, ana lodin manyan motocin da za su kwana a hanya zuwa Legas da Fatakwal. Dillalai ke riƙe da ciniki, kowane kwando da la'adarsa.

Ban tsaya nan ba. Na hau babur muka kutsa cikin gonaki, inda na tarar da wani dattijo da 'ya'yansa suna tsinka. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, kwando ɗaya nake so, na gida."

"Malam, shiga ka zaɓa da hannunka," in ji shi.

Tumatirin ja jawur, da tauri, raɓa ba ta bushe a jikinsa ba. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na saba biya a 'Yankaba ba, ya kuma ƙara mini gyaran tattasai da attaruhu. Na yi murna, amma hirarmu ta rage mini ita.

"Tumatir ba ya jiran kowa," ya ce. "Yau ka tsinka, jibi ya zama ruwa. In motocin Kudu sun zo da yawa, mu samu. In ba su zo ba, ko nawa aka taya sai mu ce albarka."

Ya lissafa mini taki da iri da maganin feshi da fetur ɗin injin ban ruwa da kuɗin masu tsinka. Ya tuna shekarar 2016, da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonakin yankin ƙurmus. A shekarar ce kuma masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki, amma daga baya ta riƙa yi tana tsayawa. Matsalar a fili take: kowa yana shuka lokaci guda, tumatirin ya nuna lokaci guda, ga shi babu wurin ajiya mai sanyi. Arahar da mu 'yan birni muke wa murna, gumin manomi ne ke zubewa.

A gefen gonar yara na yanka tumatirin da ya yi laushi suna shanyawa, ana yin kauɗa. Dabara ce mai kyau, sai dai shanya a kan ƙasa tana cika shi da yashi. Tabarma ko buhu kaɗai zai ɗaga darajarsa.

Ga magidantan Kano, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta tsakanin Janairu da Maris, ku zo ku saya da kwando, a busar ko a dafa a adana kafin tsadar damina. Idan kun zo kuma, ku biya manomi abin da ya faɗa, kada ku matse shi da tayi.