Duwatsu Da Ruwayen Abuja Na Jiran Masu Hutu

In aka ambaci Abuja a zaure ko a majalisa, abin da ke fara zuwa wa yawancin mutanenmu a rai shi ne fayil, da zaman jiran babban sakatare, da tsadar masauki. Ɗan kwangila zai taso daga Katsina ko Gusau, ya kwana uku yana safa da marwa tsakanin ma'aikatu, sannan ya koma gida bai ga komai ba sai bangon siminti. Alhali kuwa tun kafin a aza tubalin farko na birnin, Allah ya riga ya ƙawata wannan yanki da duwatsu da ƙoramu da dazuzzuka. Ga lokacin hutu ya ƙarato, ya kamata mai karatu ya san abin da ke can, ya kuma san abin da ke neman raba mu da shi.

Ran 3 ga Fabrairu 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta samar da Yankin Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko ƙasar daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, amma sai ran 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Sunan kuwa aro ne. Tsohuwar Abuja ita ce Suleja ta yau, garin da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan da sarakunan Haɓe na Zazzau suka baro Zariya a zamanin jihadi. Saboda haka Bahaushen da ya zo nan yawon buɗe ido, kan sawun kakanninsa yake tafe.

DUTSEN ZUMA

Wanda ya biyo hanyar Kaduna, Dutsen Zuma ne zai fara yi masa maraba, kusa da Madalla. A ƙasar Jihar Neja yake, amma duk direba ya san in ya hango shi, to Abuja ta kusa. Dunƙulallen dutse ne guda, ya tashi kimanin mita 300 sama da filin da ke kewaye da shi, gefensa a miƙe kamar an sare da wuƙa. In ka tsaya daidai wurin da ya dace, sai ka ga wani fasali a jikinsa kamar fuskar mutum, da idanu da hanci da baki. Da damina ruwa kan kwararo ta jikinsa ya bar zane-zane baƙaƙe. Da hunturu kuwa hazo kan lulluɓe shi har sai ka matso kafin ya bayyana. Hotonsa ne a jikin takardar naira 100, sai dai gani ya kori ji.

CIKIN BIRNI

A ƙuryar gabashin birnin akwai Dutsen Aso, wanda Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya ke gindinsa. Saboda tsaro, ba wurin da mutum zai tashi kawai ya hau ba ne, amma daga gidan namun daji da filin wasan yara na ƙasa da ke Asokoro ana kallonsa sosai. Mai iyali zai jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: yara su ga dabbobi, shi kuma ya ba idonsa abinci.

Ba nisa daga nan, a Maitama, ga Lambun Millennium mai faɗin kadada 32. Wani Ba'italiye mai suna Manfredi Nicoletti ya tsara shi, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila kuma ta buɗe shi ran 4 ga Disamba 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashen Kwamanwel. Wata ƙorama ta ratsa shi ta raba shi biyu: gefe guda an gyara shi da hanyoyi da maɓuɓɓugan ruwa, ɗaya gefen an bar itatuwa yadda suke. Ranar Lahadi da yamma ko ranar Sallah, nan za ka ga Nijeriya a kan tabarma ɗaya. Bayarabe da iyalinsa sun baza abinci, 'yan matan Ibo na ɗaukar hoto, Bahaushe na sayar da tsire a bakin ƙofa, ba mai tambayar wani jiharsa.

Mai son ruwa sai ya nufi Tafkin Jabi. Tafki ne da aka tare da hannu, ana shiga kwalekwale a zagaya, da sassafe kuma masu motsa jiki kan cika bakinsa. Shawara guda: kada kowa ya shiga jirgi, babba ko yaro, sai da rigar kariya daga nutsewa.

BAYAN GARI

Arewa da birnin, ta hanyar Bwari, akwai madatsar ruwa ta Usuma, wadda ke shayar da Abuja. Ruwa ne shimfiɗe a tsakiyar tsaunuka, iska mai sanyi na kaɗawa, ba ƙarar mota ba hayaƙi. Matasa kan taru rukuni-rukuni ranar Asabar su hau tsaunukan da ke kewaye. Tun da ruwan sha ne na miliyoyin mutane, wajibi ne baƙo ya nemi izinin masu kula da wurin, kada kuma ya bar leda ko kwalba a baya.

Kusa da madatsar ƙauyen Ushafa yake, inda matan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, ke ginin tukwane. Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen a watan Agusta na 2000. Wannan sana'a tana da tushe a yankin. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, 'yar garin Kwali ce a cikin wannan yanki na tarayya. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, tukwanenta suka kai har Turai da Amurka kafin rasuwarta a 1984. Wanda ya je Ushafa ya sayi tulu ko kasko, ya yi tsaraba, ya kuma taimaki masu ƙasar, waɗanda da yawansu aka tashe su daga gonakin kakanninsu domin a gina wa kowa birni.

Mai sauran ƙarfi da man mota sai ya koma Suleja, ya kama hanyar Minna, ya ratse zuwa magangarar ruwa ta Gurara a Jihar Neja. Ruwa ne ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30 a kan duwatsu. A tsakiyar damina tun daga nesa ake jin rugugin, feshinsa kuma na jiƙa mutum kafin ya isa. Da rani yakan lafa ya yi garau. Ko yaushe ka je, duwatsun suna da santsi, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne.

DARASI DAGA AMURKA

Wani kamfanin haɗin gwiwa na Amurkawa ne ya zana babban tsarin Abuja a 1979, tsarin kuma ya ware filaye masu yawa da bakin ƙoramu da tsaunuka don shan iska. Mutanen can sun daɗe da sanin darajar irin waɗannan wurare. Tun 1872 suka kafa doka suka keɓe Yellowstone, wanda yawancinsa ke jihar Wayomin, a 1916 kuma suka kafa hukuma guda mai kula da irinsa. Shi ya sa har yau iyali kan ɗaure kaya lokacin hutu su tafi kallon babban kwazazzabon Arizona ko duwatsun Yosemite a Kalifoniya, su tarar da hanya da masu gadi da makewayi, garuruwan da ke kusa kuma su ci kasuwa. Sirrin abin shi ne an hana mai kuɗi ya saye wurin, an hana mai gatari ya sare.

Mu fa? Duk mazaunin Abuja ya san filin da jiya yara ke ƙwallo a ciki, yau an zagaye shi da katanga. Masu fasa dutse na cin tsaunukan Mpape da nakiya, unguwar da aka ji motsin ƙasa a cikinta a watan Satumba na 2018. Abin mamaki, wani tsohon ramin fasa dutse a can, da ruwa ya cika, shi ne ya zama wurin shaƙatawa a 2020, jama'a suka yi ta tururuwa suna ɗora hotunansa a intanet. Mutanen da ke neman hutu a bakin rami, ai ƙishirwarsu ta isa a kula. Ga kuma matsalar tsaro: satar mutanen da aka yi a yankin Bwari a watan Janairu na 2024 ta sa da yawa sun ja da baya daga hawan tsauni.

Don haka wanda zai fita bayan gari, ya tafi cikin ayari, ya tambayi mutanen wurin labarin hanya, ya dawo kafin la'asar sakaliya. Lokaci mafi daɗi shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ciyawa ke shar, hazo bai sauko ba.

Ga Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya kuwa, roƙonmu shi ne ta fito da jerin filayen shan iska da tsaunukan da tsarin birni ya keɓe, ta buga kowa ya gani, ta kafa musu iyaka, ta ɗauki samarin ƙauyukan da ke kusa aikin gadi da jagora. Gidan da aka rushe ana iya sake gina shi cikin shekara guda. Dutsen da aka fasa aka loda a tifa ya tafi ke nan, jikokinmu sai dai su gan shi a hoto.