Kwana Uku a Kan Keke: Daga Sabo Zuwa Saki



A Sabon Ibadan aka haife ni, a nan na yi makarantar allo, a nan na yi aure. Amma sai bara na gane cewa jihar Oyo da na shekara arba'in da 'yan kai a cikinta ban san ta ba. Na san Mokola, Bodija, Shasha da tashar motar Arewa. Duk abin da ke bayan wannan, a wajena daji ne.

Wani ƙanena mai gyaran keke ne ya kawo shawarar mu hau keke mu tafi Saki, can Oke-Ogun kusa da iyakar Benin. Da farko dariya aka yi masa, daga baya kuma aka shiga tsoro. Tun rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021, da yawanmu mun daina sakin jiki. Mahaifiyata cewa ta yi, "Ku Hausawa bakwai, a kan keke, cikin ƙauyukan da ba ku san kowa ba? Wa zai tsaya ya tambaye ku ko su wane ne?" Ban da amsa. Sai dai na tuna mata cewa tun 1916 aka kafa Sabo, kuma kakanninmu fataken goro da shanu da ƙafa suka ratsa ƙasar nan. Ta ce Allah ya tsare, amma ba ta yi murmushi ba.

Mun yi wata biyu muna gwaji duk ranar Lahadi. Mun karɓi takarda daga shugabannin unguwa mai bayanin ko mu su wane ne, kowa ya riƙe katin shaidarsa. Kayanmu ba su da yawa: famfo biyu, faci da gam, sifana, tif na ajiya, gorar ruwa, tabarma, dabino da ƙuli-ƙuli. Muka kuma kafa doka guda, ba a barin kowa a baya.

Bayan sallar asuba muka tashi, da sanyin hunturu. Daga Moniya zuwa Iseyin kilomita 65 ne, kuma titin yana da kyau tunda an sake gina shi. Abin da ba a gani daga cikin mota shi ne hawa da gangara. Kowane tudu sai ka biya shi da cinyarka. Kafin azahar yaran sun yi mini nisa, ni da na fi kowa shekaru ina baya ina haki, gwiwata ta dama tana zafi. Sau uku suna tsayawa jirana. Na ji kunya har na ce su wuce zan hau mota. Ƙanena ya ce, "Yaya, kai ka kafa dokar nan, ba kai za ka fara karya ta ba." Ya sauke mini giya, ya ɗaga sirdin kaɗan, ya ce in daina danna feda da ƙarfi, in riƙa juyawa a hankali. Da wannan na shiga Iseyin da la'asar sakaliya.

Iseyin garin saƙa ne. Ko ta wane lungu ka bi za ka ji ƙarar masaƙa, ka ga zare an ja shi dogo a bakin gida, ana saƙa aso-oke. Na tsaya ina kallo, sai na tuna saƙin da kakata take ajiyewa a ƙasan adaka. A wajen 'yan uwanmu Hausawa na garin muka kwana.

Rana ta biyu ita ce ba zan manta ba. Mun wuce gonakin rogo, doya da kashu, muka sayi wara a hannun matan Fulani a bakin hanya. Da yamma, bayan mun wuce Okaka, sarƙar keken ɗayanmu ta tsinke. Kafin a gyara rana ta faɗi. Muka tura kekunan zuwa wani ɗan ƙauye da ba ya cikin lissafinmu. Ba mu kai tsakiyar gari ba sai ga 'yan sintiri da tocila da bindigar toka. Aka ce mu zauna a ƙasa. Mutane suka taru, na ji wata mata tana cewa 'yan leƙen asiri ne. Maganar mahaifiyata ta dawo mini, zuciyata tana bugawa kamar ganga.

Ban ga laifinsu ba. Su ma sun sha fama da satar mutane da rigimar gona da kiwo. Baƙi bakwai cikin duhu, ko a Sabo ne sai an tambaya.

Na yi gaisuwa da Yarbanci irin na Ibadan, na rusuna wa babbansu kamar yadda ake yi wa manya, na miƙa takardarmu. Suka zazzage jakunkuna, ba su ga komai ba sai sifana da dabino. Ana cikin haka aka kira sallar isha'i. Wani dattijo, Alfan garin, ya ce a bar mu mu yi salla tukuna. A sahu ɗaya muka tsaya da wanda ya haska mini tocila a ido.

Bayan salla Alfa ya kai mu wajen Baale, aka karanta takardar, aka buga waya Ibadan aka tabbatar. Nan take magana ta canza. Aka kawo amala da miyar gbegiri, aka shimfiɗa mana a barandar masallaci. Alfa ya zauna da ni har dare ya raba. Ya ce yana yaro fataken shanu Hausawa kan sauka a gidan mahaifinsa, su bar masa kanwa da goro. Ya ce, "Ɗana, ku ne kuka daina zuwa. Yanzu a mota kuke wucewa, mu kuma labarinku kawai muke ji." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Da safe, ɗan sintirin nan ya raka mu a babur har Ago-Are.

Mun shiga Saki da azahar a rana ta uku, duwatsun garin suna gabanmu, ƙura ta yi mana fari fat. Na saya wa mahaifiyata tukunyar ƙarfe irin wadda aka san garin da ita. A mota muka dawo, kekunan ɗaure a sama, don gwiwata ta gama nata aikin.

Ba ina cewa hanya ta zama lafiya lau ba. Da takardar nan ba ta hannunmu, ko da ba na jin Yarbanci, Allah kaɗai ya san yadda daren zai ƙare. Saboda haka masu son zuwa bana, ga abin da na koya: ku sanar da shugabanni, ku tafi da mai jin yaren mutanen, kada ku bari magariba ta same ku a hanya, kuma in kun shiga gari ku fara da gaida manyansa.

Na yi wa Alfa alkawarin komawa da ƙwaryar goro. Duk mai keke da ke da niyya, ya same mu ranar Lahadi bayan asuba a wajen gwaji. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.