Kafin Ka Sayi Motar da Ake Naɗe wa Rufi

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini idonka ya faɗa kan Marsandi SL, irin wadda ake naɗe wa rufi, har ka fara tara kuɗi. Ba zan hana ka ba. A ƙarƙashin motoci na ƙare ƙuruciyata, kuma har gobe in na ga SL sai na tsaya na kalle ta. Tun 1957 da Jamusawa suka fito da 300 SL mai buɗaɗɗen sama motar nan ba ta rasa masoya ba. Ina dai so ka san abin da za ka ɗauko.

Rufin mota shi ke ɗaure bodi. Ka ɗauki kwali ka cire masa murfi ka murɗa, za ka ga yadda yake karkacewa. Haka mota take idan aka raba ta da samanta. Saboda haka injiniyoyi suke mayar da ƙarfin ƙasa: su ƙara wa dakalin ƙofa kauri, su gicciya ƙarafa a ƙarƙashi, su yi firam ɗin gilashin gaba da ƙarfen da zai iya ɗaukar nauyin motar in ta kife. A 1989 Marsandi ta sa wa SL wani ƙarfe a bayan kujeru wanda yake kwance, sai motar ta ji za ta wuntsila ya miƙe cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Ranka yana wajen waɗannan ƙarafan. Don haka in ka samu wadda ta taɓa yin mummunan haɗari aka miƙar da ita a wajen mai gyaran bodi, ka bar ta ko da kyauta ce. Fenti yana ɓoye walda, kuma bodin da ya taɓa lanƙwashewa ba ya komawa yadda aka ƙera shi.

Sabuwar da suka fitar a 2021 abin sha'awa ce ƙwarai. Sun bar rufin ƙarfe sun koma na yadi, suka rage nauyin kilo 21 daga sama, inda nauyi ya fi cutar da mota a kwana. Rufin yana naɗewa cikin daƙiƙa 15, ko kana tafiya, muddin ba ka wuce kilomita 60 a awa ba. Allon da ke tsakiya ana iya karkata shi don kada hasken rana ya kashe rubutun, kuma a wuyan kujera akwai kafar da ke hura maka iska mai ɗumi, AIRSCARF suke ce mata. An yi wannan ne don sanyin Turai, amma da asubar hunturu kai ma za ka gode mata. Kujerun baya kuwa na yara ne, babba ba zai zauna ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne injin. SL 63 tana da ƙarfin doki 585, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.6, tana iya kaiwa 315. An yi ta ne don manyan titunan Jamus, inda babu rami, babu akuya, babu ɗan acaɓa da zai faɗo maka daga lungu. Motar ba ta girgiza, ba ta kuka, sai ka ɗauka a hankali kake tafiya alhali ka yi nisa. Ka riƙa duba allurar gudu, kuma kada ka tayar da motar ba ka ɗaura bel ba, domin ƙarfen da zai miƙe ba ya tsare wanda motar ta riga ta cillar waje.

Sai kuma ƙasarmu. Rana tana busar da robobin rufi su tsage, ƙura ta toshe kafofin da ruwa ke bi, damina ta zo ruwan ya sauka kan wayoyi da kwamfutocin da ke ƙarƙashin kafet. Tsofaffin na shekarun 1990 suna da silindar haidurolik fiye da goma a rufi kaɗai, kuma in ɗaya ta fara yoyo sauran suna hanya. Ka nemi makaniken da ya san su da inda za ka samu kayan gyara tun kafin ka biya.

Ranar dubawa ka sa a buɗe rufin a rufe a gabanka sau da yawa, kana sauraron famfon haidurolik. Ka ɗaga kafet ka taɓa ko da danshi, ka sa a zuba mata ruwa da tiyo kana zaune a ciki, sannan a hau da ita kan rami. Ka zo ka ɗauke ni mu je tare, ni zan shiga ƙarƙashin.