Fumfunar da ke Gadin Saiwar Tumatir

A kunnen Bahaushe kalmar fumfuna ba ta zuwa da alheri. Ita ce ke hawa tuwon da ya kwana biyu, ita ke ɓata goro cikin huhu, kuma da zarar uwargida ta gan ta sai ta zubar da abin da ta hau. Sai dai a cikin ƙasar lambu akwai wata fumfuna, wadda masana ke kira Trichoderma, da ta cancanci mai noman tumatir ya yi maraba da ita.

Babban tashin hankalin mai noman rani shi ne tumatir ya kai ga fure, sai ganyen ƙasa ya yi rawaya, shuka ta yi yaushi alhali kwami a jiƙe yake. Sau da yawa wata fumfuna ce mai suna Fusarium ta shiga ta saiwa, ta toshe jijiyoyin da ruwa ke bi. Ƙarin ban ruwa ba ya warkar da shukar, kuma cutar takan zauna shekaru cikin ƙasa tana jiran shuka ta gaba. Kuɗin iri da na man inji, wani lokaci ma na bashi, duk sun tafi ke nan.

Trichoderma takan riga mai cutar mamaye saiwa, ta hana ta wuri da abinci. Zarenta kan nannaɗe na abokiyar gaba, ya fitar da sinadaran da ke narkar da bangonta, halin da masani Richard Weindling ya bayyana tun 1932. Tana kuma ƙara wa saiwa yawa, ta zaburar da garkuwar shukar kanta.

Amma fa abu ne mai rai. Zafin rana kan kashe ta a wurin ajiya, maganin feshi na fumfuna ba ya bambanta ta da muguwar, kuma tana son danshi da ruɓaɓɓen taki. Shukar da ta riga ta yi yaushi ta fi ƙarfinta, haka nan ba a dogara da ita wajen yaƙar tsutsar Tuta absoluta da ta cinye tumatir a Kano cikin 2016. Aikinta rigakafi ne, shi ya sa ake cuɗa ta da iri, ko da ƙasar da ake renon tsiro, tun kafin ranar dashe.